Yadda Ake Ziyartar Maisur, Garin Sandal da Yoga a Kudancin Indiya

Duk matar da ta taɓa haɗa turaren wuta ko humra ta san sandal, ta kuma san irin kuɗin da ake zubawa kafin a samu na gaske. Mafi shaharar sandal a duniya, wanda ake auna sauran da shi, sunan gari guda ake kiransa da shi: Maisur, a jihar Karnataka ta kudancin Indiya. Garin nan ne kuma masu neman koyon yoga daga Turai da Amurka da Japan suke tururuwa zuwa cikinsa kowace shekara. A tikiti da allunan hanya za ka ga an rubuta Mysuru, sunan da gwamnati ta tabbatar a 2014, wasu wuraren kuma har yau tsohon rubutun Mysore suke amfani da shi. Duk ɗaya ne.

Shawarata tun daga farko ita ce ka ba garin kwana huɗu ko biyar, ka zama mai sammako, kuma kada ka ciro kuɗin sayen turare a ranar da ka sauka. Sauran bayanin duk a kan wannan ya ginu.

Mataki na 1: Takardu da allura

Biza ake fara nema. Ofishin jakadancin Indiya yana Abuja, akwai ƙaramin ofishi a Legas, akwai kuma jakadanci a Yamai. Ana cike takardar a shafin gwamnatin Indiya na intanet, kuma ka tabbatar shafin gwamnati ne, domin akwai shafuka masu kama da shi da suke cajin mutane kuɗi a banza. Bizar yawon buɗe ido ta isa ga wanda zai yi ɗan gajeren kwas na yoga.

Abin da ya fi kama mutanenmu a filin jirgi shi ne katin rigakafin zazzaɓin shawara. Indiya ba ta wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan. Allurar sai ta kwana 10 a jikinka kafin katin ya fara aiki, wanda kuma ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6. Ka yi allurar da wuri, ka ajiye ainihin katin tare da fasfo a jakar hannu. Ranar da ka kai takardun biza ka tambaye su ko suna buƙatar shaidar ɗigon shan inna, don an sha neman ta a wurin matafiya daga yankinmu.

Mataki na 2: Zaɓen lokaci

Daga Oktoba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗi. Garin yana kan tudu, kimanin mita 770 sama da teku, saboda haka safiya tana da sanyi mai ratsa jiki kaɗan, rana kuma ba ta gallaba. Damina tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba. Bikin Dasara na kwana 10 yana faɗowa a Satumba ko Oktoba. Ranar ƙarshe ake jerin gwanon giwaye, babbar cikinsu ɗauke da kujerar zinare mai rumfa mai nauyin kilo 750. Abin kallo ne, amma otal yana tsada, cunkoso kuma ba a magana. Wanda ya zo don kasuwa da natsuwa gara ya bari a watse.

Agogon Indiya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi. Ka sanar da mutanen gida, kada su riƙa kiranka ƙarfe ɗayan dare.

Mataki na 3: Isa garin

Filin jirgin Maisur ƙarami ne, don haka Bengaluru za ka sauka, ta Adis Ababa ko Doha ko Dubai. Tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 140 ne, sai dai filin jirgin Kempegowda yana can arewacin Bengaluru, wato ta ɗaya ɓangaren, don haka tafiyar tana ƙaruwa.

Hanya mafi sauƙi ga baƙo mai kaya ita ce bas ɗin gwamnatin jiha da ake kira Flybus. Daga ƙofar filin jirgin yake ɗauka, ba ya sauke ka sai Maisur, cikin awa huɗu ko ƙasa da haka tun da aka buɗe sabuwar babbar hanya a 2023. In kana son jirgin ƙasa, ka shiga gari zuwa tashar KSR Bengaluru. Masu sauri irin Vande Bharat da Shatabdi awa biyu suke yi, amma ana sayen tikitinsu tun kafin ranar.

Kafin ka bar filin jirgi ka ciri ɗan rufi, kuɗin ƙasar, a na'urar ATM ko wurin canji. Mutanen gari da waya suke biyan kusan komai, har mai sayar da ayaba yana da tambarin da ake haskawa, amma tsarin yana da wuyar shiga ga baƙo, tsabar kuɗi ce za ta fisshe ka. Ka nemi ƙananan takardu na 10 da 20 da 50 da 100. Layin waya kuwa a babban shagon kamfani ake saye, da fasfo da biza da ƙaramin hoto. Lambar kiran gaggawa 112 ce.

Mataki na 4: Masauki

Unguwa biyu za ka zaɓa tsakaninsu. Wanda ya zo kasuwa da kallon fada ya sauka a tsakiyar gari, kusa da titin Sayyaji Rao, inda komai da ƙafa ake zuwa. Wanda ya zo yoga ya nufi Gokulam a arewa maso yamma, inda ake ba da hayar ɗaki na wata guda.

Kafin ka biya ka tambaya ko suna karɓar baƙin ƙasar waje, saboda doka ta ɗora wa mai masauki ya cike wata takardar rajista, wadda aka fi sani da Form C, a kan kowane baƙo, kuma ba kowane ƙaramin gida ne yake yi ba. Wannan takardar kariya ce gare ka.

Musulmi ba zai yi kewa ba. Kusan ɗaya cikin biyar na mutanen birnin Musulmi ne, sun fi yawa a Mandi Mohalla da Lashkar Mohalla da Udayagiri, kuma Masjid-e-Azam yana kan titin Ashoka. Abu ɗaya da zai rikita ka a daren farko: alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Jikin da ya saba fuskantar gabas sai an tuna masa.

Zirga-zirga ba sabon abu ba ce gare ka, adaidaita sahu ce dai wadda ka sani, Bajaj da TVS, can ne ma gidansu. Su “oto” suke ce mata. Ko dai direba ya kunna mita, ko ku yanke kuɗi kafin ka shiga, ko ka kira ta manhajar Uber ko Ola. Hannun hagu suke tuƙi. In za ka tsallaka titi, dama za ka fara dubawa.

Mataki na 5: Kasuwar Devaraja, shiga ta farko

Nan ne zuciyar tafiyar. An gina kasuwar a ƙarshen ƙarni na 19 zamanin Sarki Chamaraja Wodeyar, doguwa ce, tana bin titin Sayyaji Rao. Ginin ya tsufa, wani sashe ya rufta a 2016, kuma daga nan aka daɗe ana ja-in-ja kan a rushe ko a gyara. Ina cikin masu fatan a gyara, don kasuwa irin wannan in ta tashi ba a sake dasa ta.

Ka je da hantsi, wajen ƙarfe bakwai zuwa tara, lokacin da fure yake shigowa da raɓarsa. Tun kafin ka ga layin masu fure hancinka zai gaya maka ka iso. Yasmin ɗin garin, wanda suke kira mallige, ana shirya shi a zare a naɗe kamar igiya, kuma da hannu ake awonsa: daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa suna cewa mola, wato kamu, in an ware hannu biyu kuma maaru, wato gaba. Ka sayi kamu ɗaya, kuɗinsa kaɗan ne, ka rataye a ɗakinka. Da dare za ka gane dalilin da ya sa matan garin ba sa fita babu shi a gashi. Gaba kaɗan akwai masu ayaba, ciki har da ƙaramar nan mai zaƙi ta Nanjangud, sai masu mazarƙwaila da aka jera kamar tubali, sai masu ganyen da ake taunawa bayan abinci, sai masu garin launi ja da rawaya da shuɗi da aka tsira shi a faranti kamar hular malfa. Jan shi ne kumkum, wanda mabiya addinin Hindu suke ɗigawa a goshi.

A wannan shigar, ban da ɗan furen nan, kallo kawai za ka yi da tambayar farashi. Kalmomi uku na Kannada, harshen mutanen jihar, sun ishe ka: eshtu, wato nawa ne, beku, ina so, beda, ba na so. Ta ƙarshen za ka fi amfani da ita.

Dalili kuwa ga shi. Da zarar an ga baƙo, wani saurayi mai fara'a da Turanci mai kyau zai raɓo ka. Zai tambayi ƙasarka, ya ce yau ana wani biki na masu turare a tsohuwar unguwa, yau kaɗai, ko ya ce kasuwar ta kusa rufewa amma ya san inda ake murza turaren tsinke da hannu. In ka bi shi, ƙarshen tafiyar wani ɗaki ne a lungu, inda za a nuna maka tsohuwa tana murza tsinke, a ba ka shayi, a shafa maka mai kala goma a hannu har hancinka ya daina bambancewa, sannan a kawo farashi. Ɗan kamasho ne, kuma kamashonsa a kanka zai fita. Na taɓa bin irin wannan saurayin, na fito da kwalba biyu da aka rantse mini man sandal ne zalla. Kafin sati biyu ƙamshin ya gudu, ya bar mai mara wari. Ya yi mini ciwo, domin tsarabar mahaifiyata ce. Ka ce beda da murmushi, ka ci gaba da tafiyarka.

Mataki na 6: Koya wa hanci sandal na gaske

A rana ta biyu ka ɗauki oto zuwa masana'antar man sandal ta gwamnati, wadda take aiki tun 1917. Tarihinta yana da daɗin ji: kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya itacen ake lodawa zuwa Turai a tatse shi a can, da yaƙi ya toshe hanya, itace ya taru, sai Sarki Krishnaraja Wodeyar na Huɗu ya sa a fara tatsar man a gida. Daga nan aka samu sabulun Mysore Sandal da ake sayarwa har yau. A shagon masana'antar ka shaƙi na gaske, ka ga farashinsa da idonka. Daga nan ka wuce Cauvery, kantin kayan hannu na gwamnatin jiha da ke titin Sayyaji Rao, inda ake sayar da sassaƙen sandal da farashi a rubuce.

Abin da za ka lura da shi: man sandal na gaske yana da kauri, launinsa rawaya-rawaya ne, kuma ba ya dukan hanci. A hankali yake buɗewa, ƙamshin itace mai taushi, kamar an haɗa shi da madara. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a bayan hannu ko gefen riga, ka tafi harkarka. Na gaske washegari ma yana nan. Wanda ya tashi da ƙarfi nan take ya mutu kafin la'asar, haɗi ne. Ƙamshin yana cikin ƙwaryar itacen da saiwarsa, kuma bishiyar tana shekaru da yawa kafin ta yi mai, shi ya sa yake tsada. Duk wanda ya miƙo maka babbar kwalba da araha ya riga ya gaya maka abin da ke ciki.

Kada ka sayi guntun itacen sandal a hannun mutum a lungu, komai arahar. Tun 1792 Tipu Sultan, mai mulkin ƙasar Maisur a lokacin, ya mayar da sandal bishiyar sarauta, kuma har yau gwamnati tana sa ido sosai kan sara da safarar itacen. Abin da ka saya a shago mai lasisi, ka karɓi rasit ka adana.

Sai a rana ta uku ka koma Devaraja da kuɗi. Turaren tsinke, wanda suke kira agarbatti, sana'ar garin ce. Kamfanin Cycle, ɗaya daga cikin manya a Indiya, a Maisur aka kafa shi a 1948. Akwai iri biyu a kasuwa: baƙin tsinke da aka tsoma a turare, da wanda aka kwaɓa garin itace da ƙaro da fure aka murza a jiki, mai launin ƙasa da ɗan gari-gari. Na biyun ya fi, hayaƙinsa ba ya shaƙe maƙogwaro. Ka ce a kunna maka ɗaya, ka ja baya taku biyu ka shaƙa, domin turare daga nesa ake gane shi. Kada ka gwada fiye da kala huɗu a zama ɗaya. Tayi kuwa ka riga ka iya tun daga gida: a wurin masu turare da tsaraba ana ragi sosai, a wurin masu fure da ayaba ba a jan ciniki a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

In akwai lefe a gabanka, siliki na Maisur mai bakin zaren zinare ana saƙa shi a masana'antar gwamnati da aka kafa a 1912, kuma kowane zane na gaske yana ɗauke da lambarsa. A shagunan KSIC, kamfanin siliki na gwamnatin jiha, ake saye.

Mataki na 7: Yoga, ga mai so

A shekarun 1930 wani malami, Tirumalai Krishnamacharya, ya buɗe makarantar yoga a fadar Jaganmohan da tallafin sarki. Cikin ɗalibansa akwai B.K.S. Iyengar da Pattabhi Jois, waɗanda suka kai abin ko'ina a duniya. Jois ya kafa tasa makarantar a 1948, salonsa shi ne Ashtanga, ya rasu a 2009. Makarantarsa ce ta mayar da Gokulam unguwar baƙi.

Tsarin koyarwar garin ya bambanta da abin da ake gani a talabijin. Babu malami a gaba yana yi ana kwaikwayo. Kowane ɗalibi yana da jerin motsin da ya haddace, yana yi daidai da numfashinsa, malami yana zagayawa yana gyara, ba ya ƙara maka sabo sai ka riƙe na baya. Wanda ya yi makarantar allo zai gane tsarin nan take. Ana farawa da duku-duku, ciki babu abinci, kwana shida a mako, ana hutawa ranar da wata ya cika da ranar da ya ɓuya. Manyan makarantu sukan so ka yi rajista tun daga gida, ka kuma zauna aƙalla wata guda. Ƙanana suna karɓar mai zuwa na yini ɗaya ko mako.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Yoga a cikin addinin Hindu ta tsiro. A ajin Ashtanga ana buɗewa da rera baituka da harshen Sanskrit, kuma jerin farko sunansa surya namaskara, ma'ana gaisuwa ga rana. Malaman Musulunci sun yi magana a kai. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga mai haɗe da irin waɗannan rere-reren na bauta. Ka tambayi malaminka na addini tun a gida. In ka yanke za ka yi don motsa jiki, ka gaya wa mai koyarwa tun ranar farko abin da ba za ka yi ba, ka zaɓi ajin miƙa jiki da numfashi ko na masu ciwon baya, ka daidaita lokacin da sallar asuba. Wanda ya ƙi sauraronka, akwai wani a layi na gaba.

Ke kuma 'yar'uwa, ki sani malamai suna gyara tsayuwa da hannu. Akwai malamai mata da yawa a garin, ki nemi ɗaya, kuma haƙƙinki ne ki ce kada a taɓa ki. Mai ciki, mai hawan jini da wanda aka yi wa aiki su ga likita tukuna. Motsin da ya sa gwiwa ko wuya zafi mai suka, a dakata.

Mataki na 8: Fada da tsibirin Tipu

Ka tsara tafiyarka Lahadi ta same ka a gari. Ƙarfe bakwai na yamma ake kunna ƙwayayen lantarki kusan 97,000 a jikin fadar sarki lokaci ɗaya, kuma jama'a sukan saki numfashi tare. Cikin fadar da rana ake shiga, daga ƙarfe 10, ana cire takalmi, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Tsohuwar fadar ta katako ce, gobara ta cinye ta a 1897, aka gama wannan a 1912 bisa zanen wani Bature, Henry Irwin. Ka daɗe a zauren zaman fada, wanda suke kira Durbar. Kalmar nan da Turawa suka laƙaba wa hawan sallarmu daga Indiya suka ɗauko ta.

Rabin yini kuma ka ba Srirangapatna, tsibiri a kogin Kaveri, kimanin kilomita 15 daga gari. Nan ne hedikwatar Tipu Sultan, sarki Musulmi da ya yaƙi Ingilishi har suka kashe shi a bakin ganuwa ranar 4 ga Mayu 1799. Ka ga masallacinsa mai hasumiya biyu, da gidan hutunsa na katako, Daria Daulat, da aka gina a 1784 aka cika bangonsa da zanen yaƙi, da hubbaren Gumbaz inda yake kwance tare da mahaifinsa Haidar Ali. Sunan Tipu abin muhawarar siyasa ne a Karnataka, wasu jarumi suke ganinsa, wasu akasin haka. Baƙo ya saurara, kada ya shiga.

Mai ƙarfin gwiwa ya hau dutsen Chamundi da sassafe ta matakalarsa fiye da 1,000, ya ga garin gaba ɗaya a ƙasa. A saman akwai wurin bautar Hindu. Ba dole ne ka shiga ba. Gidan namun dajin garin, wanda aka buɗe a 1892, yana rufe ranar Talata.

Mataki na 9: Ciki da haɗa kaya

Abincin safe ba zai yi maka baƙunta ba. Dosa ɗan'uwan sinasir ne, ƙullun shinkafa ne da ya kwana ya tashi, idli kuma kamar waina ce da aka turara maimakon a soya; ana cin su da miyar wake mai tsamiya da markaɗaɗɗiyar kwakwa. In ba ka son yaji ka ce khara beda. Koren ɗigo a jikin kwali yana nufin babu nama a ciki. Nama da biryani ka neme su a gidajen abincin Musulmi na Mandi Mohalla, kuma kada ka tambayi naman shanu a wurin da ba ka sani ba, dokar jihar ta hana yanka saniya. Ruwan gora mai hatimi kaɗai za ka sha, ko ruwan ɗanyar kwakwa da aka fasa a gabanka. Alawar garin, Mysore pak, garin wake ce da man shanu da sukari, a ɗakin girkin fada aka fara yin ta. Kusa da kasuwar Devaraja ake sayar da mai ɗumi.

Wajen haɗa kaya, kwalaben mai su shiga babbar jaka, don jakar hannu ba ta wuce milimita 100 a kwalba. Ka naɗe murfin kowace da salatif, ka sa a leda biyu, ka cusa a tsakiyar tufafi. Turaren tsinke ka raba shi da siliki da alawa, in ba haka ba duk su koma ƙamshi ɗaya. Rasitan sandal su zauna tare da fasfo. Ka sayi tikitin Flybus tun jajibiri, ka bar Maisur aƙalla awa takwas kafin tashin jirginka.